Ku Tambayi Likita: Jijiyar Hannu Ba Kullum Take Bin Littafi Ba

Yawancin wasiƙun wannan watan sun faɗo ne kan sikanin jijiyoyin hannu, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Amma sai mun fara warware wata sarƙa da Hausa ta ɗaura mana. "Jijiya" kalma ɗaya ce a bakinmu, a ɗakin tiyata kuwa abubuwa daban-daban take nufi. Akwai wadda ke ɗauko jini daga zuciya, tana harbawa idan an ɗora mata yatsa, za mu riƙa ce mata mai bugu. Akwai mai mayar da jini zuciya, wadda ke tasowa a bayan hannu inda ake sa ƙarin ruwa, ita ce marar bugu. Sai jijiyar saƙo, wadda babu jini a cikinta, aikinta kai ji da motsi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu yana wankin ƙoda ta bututun da anka sa mashi a wuya. An ce za a yi mashi fistula a hannun hagu, da anka yi sikanin sai sunka ce jijiyarshi ta rabu tun daga sama. Wani sabon ciwo ne? Kuma mu a saninmu fistula ciwon mata ce. (Wani magidanci daga Runjin Sambo)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiya. Wannan fistula ba ta da dangantaka da yoyon fitsari, suna ne kawai ya haɗa su. A nan likita ne da gangan yake ɗinke jijiya mai bugu da marar bugu, don jini mai ƙarfi ya riƙa kwarara cikin marar bugun har ta yi kauri, ta iya jure manyan allurai biyu na injin wanki. Likitoci Brescia da Cimino da abokan aikinsu ne suka bayyana wannan dabara a Amurka a 1966, kuma har yau ita ce ta fi bututun wuya daɗewa da ƙarancin kawo ƙwayoyin cuta.

Rabuwar da aka gaya muku kuwa halitta ce, da ita aka haifi Baba. A yawancin mutane jijiya mai bugu guda ɗaya ce ke saukowa daga hammata ta bi cikin damtse, likitoci na ce mata birakiyal. Sai ta wuce lanƙwasar gwiwar hannu da kamar santimita ɗaya sannan ta rabu biyu: radiyal ta nufi ɓangaren babban yatsa, inda ake jin bugun wuyan hannu, alna ta nufi ɓangaren ƙaramin yatsa. To amma a kusan hannu ɗaya cikin bakwai zuwa goma, radiyal ba ta jira a iso gwiwar hannu, tana ballewa tun a tsakiyar damtse ko ma a hammata. Mutum zai yi shekara saba'in yana noma da hannun bai sani ba.

Ranar da za a sa wuƙa ce abin ke da muhimmanci. Likitan da ya buɗe gwiwar hannu yana sa ran samun jijiya guda mai faɗin kimanin milimita 4, sai ya tarar da biyu, kowacce ba ta kai hakan ba. Wadda ke kusa da fata, mai saurin shiga ido, galibi ita ce radiyal, kuma sau da yawa ita ce siririyar. Idan aka ɗinka fistula da ita, jinin na iya gaza isa, a yi makonni ana jira ba ta nuna ba, wato ba ta yi kaurin da za a iya wanki da ita ba. Wanda ya riga ya gani a sikanin zai auna duka biyun, ya zaɓi mai kaurin ko da tana can ƙasa, ko ya koma ɗaya hannun, domin wannan halitta sau da yawa a hannu ɗaya take. Abin da ake nema shi ne mai bugu ta kai milimita 2 a faɗin cikinta, marar bugu kuma milimita biyu da rabi bayan an ɗaure damtse da roba. Don haka a ganinmu wanda ya gano rabuwar nan ya yi muku aiki mai kyau.

Bayan aiki, wajen mako shida, za a sake sikanin a duba ko ta nuna: faɗi ya kai milimita 6, zurfinta daga fata bai wuce milimita 6 ba, jini kuma yana gudu kamar mililita 600 a minti ɗaya. Ga mai irin halittar Baba, dole a auna gudun jinin a sama da inda jijiyar ta rabu, ko kuma a tabbata reshen da ke ciyar da fistular aka auna, in ba haka ba lambar za ta fito ƙarya.

Naku aikin a gida ya fara daga yau. Kada a ƙara ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa a sangalin hannun hagun, idan ya zama dole a yi a bayan hannu. Bayan tiyata ba a awon hawan jini a hannun, ba a matsa shi da kai wurin barci, agogo mai matsewa da kambu duk a cire. Kowace safiya a ɗora yatsu a wurin, za a ji yana gurnani kamar kyanwa. Ranar da gurnanin ya ɗauke, ranar za a je asibiti, ba washegari ba. Haka idan yatsunsa suka riƙa sanyi, ciwo ko dashewa, musamman lokacin wanki, alama ce fistular na kwashe jinin da ya kamata ya isa tafin hannu. Wannan ya fi samun tsofaffi da masu ciwon suga.

TAMBAYA: Ina aiki a ƙaramin asibitin karkara. Na zo sa wa wata mata kanula a sangalin hannu, jijiyar ta fito ɓaro-ɓaro, amma jinin da ya fito ja wur ne kuma yana hawa cikin robar ƙarin ruwan. Na cire na danne. Me na taɓa? (Wata ma'aikaciyar jinya daga yankin Tambuwal)

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da aiki, kuma kin yi daidai da ba ki tura magani ba. Alamu sun nuna mai bugu kika shiga. A ƙa'ida alna tana nutsewa ƙarƙashin tsokoki da zarar ta bar gwiwar hannu, ba a ganinta sai kusa da wuyan hannu. Amma a 'yan hannuwa kaɗan cikin ɗari tana bin saman tsoka, dab da fata, a daidai layin da kuke neman jijiyar ƙarin ruwa. Ga ido ba ta da maraba da marar bugu. Abin da ke ƙara ruɗar mutum shi ne roba: idan an ɗaure damtse da ƙarfi bugun na raguwa, yatsa ba zai ji komai ba. Saboda haka a taɓa jijiya kafin a ɗaure, ba bayan an ɗaure ba.

Haɗarin yana ga magani. Furometazin, dayazifam, fenitoyin, fentazosin da tayofenton, idan suka shiga mai bugu, kai tsaye suke tafiya cikin ƙananan jijiyoyin yatsu. Suna ƙona bangon ciki, jijiyar ta tsuke, jini ya daskare, cikin kwanaki yatsu su yi baƙi. Alamar farko ita ce majinyaci ya yi ƙara ya ce wuta na gangara masa zuwa yatsu, hannun ya dashe ko ya yi dabbare-dabbare. Marar bugu zafinta sama yake bi, wajen kafaɗa. Wanda ya ce zafi ya nufi yatsu, a tsaya nan take.

Abin yi ya kasu biyu. Idan ba a tura komai ba, a cire a danne da ƙarfi minti biyar zuwa goma, sannan a duba ɗumin yatsu da bugun wuyan hannu. Idan an riga an tura magani, kada a cire kanular. A rufe ta, a rubuta mata alama ƙarara, a rubuta sunan maganin da adadinsa da lokaci, a ba da maganin ciwo ta wata hanyar, a tura majinyaci babban asibiti a ranar. Ta wannan kanular ce likitoci za su iya ba da maganin buɗe jijiya, kuma a can ne za a fara hefarin don hana daskarewa.

Da na'urar sikanin a hannu, bambancewar ba ta cin minti ɗaya. A danna kan na'urar a hankali: marar bugu za ta lafe ta rufe ruf, mai bugu za ta tsaya zagaye tana harbawa. Ita kuwa matar, idan ta dawo, ki gaya mata ta riƙa sanar da duk mai yi mata allura a wannan hannun.

TAMBAYA: A hoton da aka yi wa matata na ga ja da shuɗi. Wai shuɗin mataccen jini ne? Kuma sai an yi azumi kafin a je? (Wani ɗan kasuwa daga Illela)

AMSA: A'a, Alhaji. Na'urar ce ke shafa launin. A yadda aka saba saita ta, ja na nufin jinin na tahowa wajen kan na'urar, shuɗi na nufin yana nisa da shi. Mai hoto ya juya hannunsa, ja ya koma shuɗi a jijiya guda. Sauti ne da kunne ba ya ji ake aikawa yana dawowa, babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, har mai ciki ana yi mata. Ba a azumi don sikanin hannu. Hajiya ta sha ruwa yadda ta saba, sai in likita ya ƙayyade mata, ta sa riga mai sakin hannu, ta bar awarwaro a gida.

TAMBAYA: An kai ni yin hoton jijiyoyin zuciya ta wuyan hannun dama, aka yi ta fama waya ta ƙi wucewa gwiwar hannu, na ji azaba, daga baya aka bi ta matsematsi. Yanzu an ce za a sake. Rashin iyawa ne? (Wani malamin makaranta mai ritaya daga Mabera)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba mu ga takardunku ba, amma abin da kuka kwatanta ya yi kama da halitta fiye da rashin iyawa. Bi ta wuyan hannu zuwa zuciya ya faro ne da likita Campeau a Kanada a 1989, kuma an fi son sa saboda zubar jini ba ta kai ta matsematsi ba, mutum kuma yana tashi ya zauna nan da nan. Sai dai hanyar na da tarko. A hannu ɗaya ko biyu cikin ɗari, radiyal tana yin zobe kusa da gwiwar hannu, ta lanƙwasa ta koma baya kafin ta haɗu da uwarta. A saman zoben sau da yawa akwai wani siririn reshe da ke miƙewa sama, waya kuwa miƙaƙƙiyar hanya take so, sai ta shige shi. Bututu ya biyo ta, reshen ya matse shi, ga azabar da kuka ji. Idan aka tilasta, reshen na iya fashewa hannu ya kumbura. Likitan da ya janye ya sauya hanya ya kiyaye muku hannu.

Ɗaya dalilin shi ne irin rabuwar sama da muka faɗa a amsar farko. Doguwar radiyal mai tasowa daga hammata kan zama siririya mai saurin tsukewa. Kwanson da ake zurawa cikin jijiyar don waya da bututu su bi ta cikinsa, mai lamba 6, bayansa ya ɗan haura milimita biyu da rabi, radiyal ɗin mutane da yawa kuwa, musamman mata, ba ta kai nan ba. Shi ya sa ake auna ta tukuna, in ta yi ƙanƙanta a ɗauki lamba 5, a ba da maganin saki jijiya ta cikin kwanson.

Kafin a sake, ku nemi a yi sikanin hannu biyun daga wuyan hannu har hammata. Na farko, a ga ko hagun a miƙe take. Na biyu, a tabbata radiyal ɗin daman ba ta toshe ba bayan wancan aikin. Jin bugu da yatsa ba ya wadatarwa a nan, domin jini na iya zagayowa daga alna ta cikin tafin hannu ya bugo ta baya, Dofla, wato sikanin da ke nuna gudun jini da inda ya nufa, ita ce kaɗai za ta nuna ya juya alkibla. Abin da sikanin hannu ba zai gani da kyau ba shi ne cikin ƙirji, inda wasu 'yan tsirarun mutane jijiyar hannun damansu ke zagayawa ta bayan maƙoshi. Wannan sai hoton siti, wato CT. Idan kuma kuna da ciwon ƙoda, ku faɗa da bakinku, don ana ƙoƙarin adana radiyal ko za a buƙace ta wajen yin fistula wata rana.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai koyon aikin hoto a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ta yaya zan bi hannu don kada irin waɗannan su kuɓuce mini? (Wani ɗalibi daga Sakkwato)

AMSA: Ɗanmu, fara da ɗaki kafin na'ura. Sanyi na tsuke jijiya, hannun da aka auna da asubar hunturu ko ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki zai ba ka lamba ƙasa da gaskiya, ka hana mutum fistular da ta dace da shi. A ɗumama hannun da man shafawar. A zafin Afrilu ko ƙarshen yinin azumi kuma marasa bugu ne ke lafewa saboda ƙarancin ruwa. Sai awon hawan jini a hannu biyu: bambancin da ya kai 20 a lambar sama yana sa a zargi ƙunci a can gindin hannu, ƙarƙashin ƙashin wuya.

Ɗauki kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, megahaz 10 zuwa 15, zurfi santimita biyu zuwa uku, hannu a buɗe bisa matashi, tafi yana kallon sama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga gwiwar hannu. Fara daga hammata, a gicciye, kana sauka kana ƙirga masu bugu. Idan ka ga biyu a tsakiyar damtse, bi kowacce har ƙarshenta kafin ka raɗa mata suna, domin akwai reshen da ke zagayawa bayan damtse a kowane mutum, shi ba rabuwa ba ne. Ga tarkon da ke kama har ƙwararru: a hannun da radiyal ta balle tun sama, ragowar jijiyar za ta sake rabuwa ƙasa da gwiwar hannu zuwa alna da reshen da ke bi tsakanin ƙasusuwa biyu. Wanda ya fara daga nan zai ga rabuwa a inda littafi ya ce, ya rubuta komai daidai. Maganin abin shi ne ka kama radiyal a wuyan hannu ka bi ta sama har ka ga inda ta haɗe da idonka.

Auna faɗi daga bangon ciki zuwa bangon ciki, hannunka a sake. Kusurwar Dofla kada ta haura digiri 60. Lafiyayyen hannu a hutu yana ba da zane mai gaɓa uku, wanda ya taso a hankali ya yi tudu ɗaya yana nuna matsala a sama da inda kake. Inda gudun jini ya ninka na wurin da ke sama da shi, ƙuncin ya kai rabi. Bango mai haske da inuwa a bayansa ya ƙandare, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga, kuma irinsa ba ya buɗewa ko da faɗinsa ya kai. Gwada shi: majinyaci ya dunƙule hannu minti biyu ya saki, lafiyayyiyar jijiya za ta saki jini ya yi ta gudu har tsakanin bugu da bugu. A wuyan hannu duba gefen jijiyar saƙo ta tsakiya, mai kama da saƙar zuma, wani lokaci za ka ga wata ƙaramar mai bugu ta raka ta, ragowar halittar ciki ce da ba ta ɓace ba, mai tiyatar wuyan hannu yana so ya san da ita.

Rahoto kuma ka haɗa da zane. Rubuta tazarar rabuwar daga lanƙwasar gwiwar hannu da santimita, da faɗin kowane reshe. Likitan tiyata zanen zai duba kafin rubutun.

TAMBAYA: Ɗan maƙwabcina ɗan shekara shida ya faɗo daga mangwaro ya karye a gwiwar hannu, anka kai shi wurin mai ɗori. Yaro ya kwana yana kuka, amma duk wanda ya taɓa wuyan hannun yana jin bugu, sai anka bar shi. Yanzu yatsun sun ƙandare. Ta yaya jini ke bugawa kuma hannu ya mutu? (Wata uwa daga Bodinga)

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaron sauƙi. Wannan karayar, ta ƙarshen ƙashin damtse dab da gwiwar hannu, ita ce mafi yawa a gwiwar hannun yara masu irin shekarunsa, kuma birakiyal da jijiyar saƙo ta tsakiya suna kwance ne a gaban ƙashin daidai wurin. Bugun wuyan hannu na iya yaudara ta hanyoyi uku. Ƙananan rassa da ke kewaye gwiwar hannu na iya kawo ɗan jinin da zai sa a ji bugu. Idan yaro na da radiyal mai ballewa daga sama, tana iya tsira yayin da ɗaya reshen, mai ciyar da tsokokin ciki, ya matse. Na ukun shi ya fi yawa: tsokokin sangalin hannu na cikin wata jaka ce marar miƙewa, kumburi ya taru a ciki, karan ɗori da tsumma suka matse ta waje. Matsin da zai rufe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsoka bai kai wanda zai tsayar da babbar jijiya ba. Sai jini ya riƙa wucewa ta tsakiya zuwa wuyan hannu, tsokar da ke kewaye da shi tana mutuwa da yunwa. Bayan kamar awa shida ɓarnar ta fara zama ta dindindin, tsoka ta koma tabo ta janye yatsu. Likita Volkmann na Jamus ya bayyana wannan tun 1881.

Kukan yaron shi ne alamar, ba bugun ba. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yaro ya ƙwalla ƙara idan an miƙe masa yatsu a hankali, yatsu su kumbura ko ya ce ba ya jin su: a kwance ɗaurin gaba ɗaya har fata, a ajiye hannun daidai da ƙirji ba a rataye shi sama ba, kada a ba shi abinci saboda allurar barci, a nufi inda akwai likitan ƙashi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. A wannan hali ba a tsayawa neman sikanin, domin zai iya nuna jini na gudu ya ƙara kwantar da hankalin da bai kamata ya kwanta ba. Shi wannan yaron a kai shi yanzu ko da ya yi makonni. Gashi da takalmin miƙe yatsu na taimaka wa mai sauƙi, mai tsanani kuma ana yi masa tiyatar saki tsoka ko sauya mata mazauni, kuma kafin a yi ta za a yi sikanin hannun a ga wace jijiya ce ta rage tana ciyar da shi.